Dutsen Da Ke Cikin Haƙori, Da Ruwan Tibiri

Akwai wani ma'adini da masana suke kira afatait. Ana samunsa cikin duwatsu, kuma irinsa ne ya fi yawa a ƙashin mutum da haƙoransa. Wani Bajamushe masanin duwatsu, Abraham Werner, shi ya raɗa masa wannan suna a 1786, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar yaudara, domin masu haƙa sukan ɗauke shi a kan wasu duwatsu masu daraja. Abin da ke cikinsa shi ne alli da fosfet, sau da yawa kuma da wani sinadari da ake ce wa fulorin.

Manoma ne suka fara cin moriyarsa. A 1842 wani Baturen Ingila, John Lawes, ya sami izinin yin taki ta hanyar zuba ruwan asid a kan ƙasusuwa da duwatsun fosfet. Wannan shi ne asalin takin da manomanmu suke kira supa. Ƙasarmu ma ba a bar ta a baya ba, gama akwai dutsen fosfet a yankin Tawa a Nijar, da wajen Dange da Shuni a ƙasar Sakkwato. A Togo an fara haƙarsa a Hahotoe a 1961, ana lodinsa a jirgin ruwa a Kpeme, har gwamnati ta karɓe kamfanin a 1974.

Labarin haƙori kuwa daga Amurka ya taso. A 1901 wani likitan haƙori, Frederick McKay, ya sauka a garin Kolorado Sifirins, ya tarar haƙoran mutanen wurin da tabo ruwan ƙasa, amma abin mamaki ba su cika ruɓewa ba. Shekara 30 ana neman dalili. Sai a 1931 aka gane fulorin ne da ke cikin ruwan shansu. Idan kaɗan ne, yakan shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa ƙarfi, yadda tsami ba zai ci shi da sauri ba. Saboda haka a 1945 birnin Giran Rafids ya fara sa ɗan kaɗan cikin ruwan famfo, daga baya kuma aka sa shi a man goge baki, irin wanda muke saye a kasuwar Ajame. Amma idan ya yi yawa, sai ya ɓata haƙori, ya kuma taru a ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: kada ya wuce miligiram 1.5 a lita guda.

To, 'yan'uwa masu karatu, da yawa cikinmu mazauna Abijan daga ƙasar Maraɗi iyayenmu suka fito, don haka abin da ya sami Tibirin Gobir namu ne. A 1985 aka fara ba mutanen Tibiri ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. An yi murna ƙwarai, gama mata sun huta da jan guga. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Ashe duwatsun da ya ratso a ƙarƙashin ƙasa sun cika shi da fulorin, fiye da ninki uku na iyakar da aka sa.

Manya da ƙashinsu ya riga ya ƙosa ba su sha wahala kamar yara ba. Yaran da aka haifa a waɗannan shekaru su ne abin ya faɗa wa. Haƙoransu suka rine, ƙafafun waɗansu suka gwame, waɗansu kansu ya yi girma, tafiya ta gagari waɗansu. Iyaye suka yi ta yawon neman magani, ba wanda ya zargi famfon da ke ƙofar gida. Kusan shekara 15 ana shan wannan ruwa kafin a daina. Dubban yara ne abin ya shafa. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, tare da takwararta ta Nijar, ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri, duniya ta ji.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Na Tibiri bai ma yi tsamin da harshe zai ji ba, awo ne kaɗai zai iya tona shi, kuma awon ba shi da tsada in an gwada shi da kuɗin haƙa rijiyar. An canja ruwan, amma ƙashin da ya tanƙware tun ƙuruciya da wuya ya miƙe.

Yawancinmu mukan haɗa kuɗi a nan ci-rani mu aika gida a haƙa burtsatse, aiki ne kuwa mai kyau. Sai dai kafin a buɗe famfo, a ɗebi ruwan a kai ɗakin awo, a tambayi yawan fulorin da ke ciki, a kuma karɓi amsar a rubuce. Idan aka ga haƙoran yaran wata unguwa duka suna rinewa, kada a tsaya neman laifin goro ko mayu, a fara da rijiyar.