Takardar Uzuri: Abin da Tarihin Kano Ya Koya Mana a kan Allurar Rigakafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

'Yan uwa, duk lokacin da makarantun gaba da sakandare suka fara ɗaukar ɗalibai, akwai tambayar da ke dawowa masallaci. Yaro ya samu shiga kwaleji mai zaman kanta, ko ta koyon aikin jinya a nan Gana, ko wata a Amurka inda 'yan uwanmu na Nima da Maamobi suka cika unguwar Bronx. An turo masa takardu, ciki har da ta shaidar allurar rigakafi. Sai ka ga uba ya riƙo hannun ɗansa ya zo wajen liman: Malam, a rubuta mana wasiƙa cewa addininmu ya hana. To, kafin Malam ya ɗauki alƙalami, bari mu waiwaya, don waiwaye adon tafiya ne. An taɓa neman irin wannan uzuri a babban birnin Hausa, ba don ɗalibi ɗaya ba, don jiha guda sukutum.

Labarin ya faro ne a 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya ta kashe dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfani ya ce cutar ce ta yi kisan. An daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A lura, Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Shi ya sa a 2003, da aka fara cewa an gurɓata maganin shan inna da abin hana haihuwa, magana ta samu kunnen ji. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya akwai Dokta Datti Ahmad, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗiga wa yara maganin. Sauran suka dawo da wuri, amma Kano, a ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta kusa shekara ba a yi ba.

Yaya aka warware? Ba da wasiƙar uzuri ba. An tura tawagogin likitoci da malamai ƙasashen waje suka ga yadda ake haɗa maganin, aka yi gwaje-gwaje, aka kuma yarda a kawo wa Kano wanda aka yi a Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi. A ƙarshen Yulin 2004 aka ci gaba. A watan Oktoba, a gaban jama'a, Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar gwamnan da kanta.

Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe a kan yara da yawa. A 2002 yara 202 shan inna ta kama a Najeriya. A 2006 sun haura 1,100. Kuma cuta ba ta neman biza. Tun a 2003 ɗin, ƙwayar da ke yawo a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ta riga ta iso nan Gana ta kama yara 8, bayan an ɗauka mun rabu da ita. Daga baya ta bi hanyar fatake da alhazai ta shiga Chadi da Sudan, ta haye zuwa Saudiyya da Yaman, inda ta shanye yara sama da 400 a 2005. A shekarar ta isa har Indonesiya, wadda ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan sarakuna da malamai, ciki har da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, sun shige gaba wajen kiran jama'a.

Ɗalibai, ku dubi abu biyu a nan. Tsoron mutanen Kano ba hauka ba ne, yana da tushe, kuma tambaya hakkinsu ce. Amma waɗanda suka biya kuɗin jinkirin jarirai ne da ba a yi shawara da su ba, wasu a garuruwan da ba su taɓa jin sunan Trovan ba.

To, shin akwai uzuri na addini? Abin da aka fi kawowa shi ne sinadarin jelatin da ake samu a wasu allurai, wanda kan fito daga alade. A 1995 malamai da likitoci suka zauna a Kuwait a ƙarƙashin Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci, suka ce ya rikiɗe ya zama wani abu daban, abin da fiƙihu ke kira istihala, don haka ya halatta. Wasu malamai ba su karɓi wannan hujja ba. Majalisar Malaman Indonesiya a 2018 ta ce allurar ƙyanda da ake yi wa yara a can tana da alaƙa da alade, amma ta halatta ta saboda lalura. Hanya biyu, masauki ɗaya. Batun ƙaddara kuwa, kun karanta yadda Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da mutanensa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya nuna wa sahabbai cewa kauce wa cuta shi ma cikin ƙaddara yake.

Mu kanmu shaida ne. Wane alhaji ne ya tashi daga Gana ba a yi masa allurar shawara da ta sanƙarau ba? Saudiyya ta tsananta sharaɗin sanƙarau ne bayan cutar ta ɓarke a hajjin 1987, ta ƙara tsanantawa bayan na 2000 da 2001. Ba mu taɓa jin maniyyaci ya nemi wasiƙar liman don ya tsallake ba. Haka a 2021, bayan alluran korona 600,000 na farko sun sauka a Gana a watan Fabrairu, Babban Limamin ƙasa Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara sama da ɗari, ya miƙa hannunsa aka yi masa.

Uzurin rashin lafiya kuwa gaskiya ne, kuma makarantu sun san da shi. Wanda wata allura ta taɓa tayar masa da jiki har numfashi ya sarƙe, ba a maimaita masa irinta. Mai ciki da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, akwai alluran da ake ɗaga musu, kamar ta ƙyanda. Wannan takarda likita ke rubuta ta bayan ya duba mutum, ba liman ba. Masu tafiya Amurka kuma su sani, jihar New York ta soke uzurin addini a makarantun yara tun 2019 bayan ƙyanda ta ɓarke, kwalejoji masu zaman kansu kuwa kowace da nata sharaɗin.

Saboda haka, iyaye, ku nemo katin awo na yaro tun na jarirantaka, sau da yawa rabin abin da ake nema yana ciki. Ku je Asibitin Maamobi ku tambayi sunan allurar, da abin da ke cikinta, da inda aka yi ta. In akwai shubuha, a kawo wa malamai da sunanta a bincika. Amma wasiƙar liman shaida ce. In ya sa hannu cewa addini ya hana abin da bai hana ba, ya yi shaidar zur, kuma ya jingina wa Allah ƙarya. Kar mu ɗora wa malamanmu wannan kaya.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani da lafiya mai ɗorewa. Allah ne Mafi sani.