Ba Kwamfuta Umurni a Rubuce

A kwamfuta mai aiki da Ubuntu akwai wata taga da ake kira Terminal. A nan rubuta umurni ake yi, da ƙananan haruffa, sannan a latsa Enter.

Manhajoji suna ajiye a wani rumbu na intanet. Ku fara rubuta sudo apt update, domin kwamfuta ta san abin da ke cikin rumbun. Sannan ku rubuta sudo apt install vlc, ta ɗauko muku manhajar kallon bidiyo da duk abin da take bukata.

Kalmar sudo ikon maigida take ba ku, shi ya sa ake tambayar kalmar sirri. Kada ku sa ta gaban umurnin da ba ku gane ba. Umurnin rm, alal misali, share fayil yake yi, ba tare da ya ajiye shi a kwandon shara ba.