James Hadley Chase: ɗan tallan da ya koma marubuci

Da kwamitin wannan mujalla ta bikin cikar shekarun ƙungiyarmu ya ce in kawo tarihin wani ɗan kasuwa, wasu sun zaci Alhassan Ɗantata zan ɗauko, ko ɗaya daga cikin madugan fataucin goro na Gwanja. Waɗannan mun sha jin labarinsu. Ni wani Bature na ɗauko, marubucin ƙagaggun labarai, wanda dattawanmu da suka yi boko suka sani da James Hadley Chase. Dalilina kuwa, tun kafin ya riƙe alƙalami ɗan talla ne, kuma har ya bar duniya da idon ɗan kasuwa yake duban rubutu.

Sunansa na asali René Lodge Brabazon Raymond. An haife shi a Landan ranar 24 ga Disamba, 1906, mahaifinsa hafsa ne a rundunar Ingila da ke Indiya. Yana ɗan shekara 18 ya bar gida ya shiga talla, yana bi gida-gida da manyan littattafan ilimi na yara. Daga nan ya samu aiki a wani kamfanin sarin littattafai. A wannan wurin ne ya yi karatunsa na gaskiya, domin kullum yana ganin wane littafi ake wawaso, wane ne kuma yake kwantai har ƙura ta rufe shi.

Abin da ya lura da shi a shekarun 1930 shi ne Turawan Ingila sun kamu da son labaran 'yan fashi da 'yan daba na Amurka. Shi kuwa bai taɓa taka Amurka ba. Sai ya nemi taswirar garuruwanta da ƙamus na zaurancen mutanenta, ya zauna ya rubuta No Orchids for Miss Blandish, labarin 'yar wani attajiri da aka sace don neman kuɗin fansa. An ce a hutun ƙarshen mako shida ya gama shi. Littafin ya fito a 1939, shekarar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi kasuwa ba kaɗan ba. Shi kansa ya yi aikin sojan sama a yaƙin, amma bai ajiye rubutu ba.

To, ba duka labarinsa ne abin yabo ba. A 1942 kotu ta same shi da kamfanin da ya buga masa wani littafi da laifin fitar da batsa, aka ci kowannensu tarar fam 100. A 1944 marubuci George Orwell ya caccaki littafinsa na farko saboda rashin imanin da ke ciki, ya kuma ce ƙashin bayan labarin daga wani littafin William Faulkner aka ɗauko shi. Sannan Raymond Chandler ya kama shi da kwafar masa rubutu, har sai da ya fito a mujallar masu sayar da littattafai ya ba da haƙuri. A wajenmu wannan daidai yake da a kama mutum ya liƙa tambarinsa a kan atamfar wani. A ganina tabon nan bai goge ba, ko da yake masu saye ba su damu ba.

Duk da haka ya rubuta littattafai kimanin 90, wasu da sunayen aro irin su Raymond Marshall, aka kuma mayar da kusan 50 fim. Abin mamaki, hajar tasa da aka yi wa ado da sunan Amurka ba ta samu karɓuwa sosai a can Amurkar ba, wadda ya leƙa sau biyu kacal, na ɗan lokaci. Kasuwarsa tana Turai da Indiya da Afirka. A Faransa, kamfanin Gallimard ya fara jerin littattafansa na Série Noire a 1945, kuma fassarar littafin Chase na farko ita ce ta uku a jerin.

Nan ne labarin ya iso ƙofarmu. Ɗan boko a Kano ko Zariya ya karanta shi da Turanci, takwaransa a Maraɗi ko Damagaram ya karanta shi da Faransanci, labari guda, bango daban. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin tasha sun san shi da hoton mace da bindiga a bango, wanda ya sa ɗalibai da yawa suka riƙa naɗe shi da takardar jarida kada malam ko Baba ya gani. Littafi ɗaya sai ya zaga hannu goma kafin ya yage, kuma akwai dattawa a cikinmu da za su gaya muku a nan Turancinsu ya nuna.

Ya koma Faransa da zama a 1956, daga baya ya wuce Suwizalan a 1969, ya ɓuya daga 'yan jarida a wani ƙauye mai suna Corseaux, a gaɓar tafkin Janiba. Littafinsa na ƙarshe ya fito a 1984, ya mutu ranar 6 ga Fabrairu, 1985, yana da shekara 78.