Muhammadu Bello

Muhammadu Bello (1781–1837) ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma Sarkin Musulmi na biyu a Daular Usmaniyya. Shi ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, ya hau mulki a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa. Ya gina garuruwan ribaɗi don tsaron iyakokin daula, mafi shahara cikinsu shi ne Wurno. Malami ne marubuci. Littafinsa Infaƙul Maisuri ya ba da tarihin jihadin da mahaifinsa ya jagoranta. A 1824 ya karɓi baƙuncin Baturen Ingila Hugh Clapperton a Sakkwato. Ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba 1837, kuma can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi.