Tarzomar Siyatil da Yadda Majigi Ya Ba Da Labarinta

Siyatil birni ne a bakin teku, can arewa maso yammacin ƙasar Amurka. A nan ne Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta kira babban taronta na uku, aka sa ranar buɗe shi 30 ga Nuwamba, 1999. Ita wannan ƙungiya an kafa ta cikin 1995, mazauninta kuwa Janeba ne a ƙasar Suwizalan. Aikinta shi ne shirya ƙa'idodin saye da sayarwa tsakanin ƙasa da ƙasa, watau zancen kuɗin fito, da tallafin da gwamnati ke ba manomanta, da shari'a in ƙasa biyu sun saɓa a kan kaya. A lokacin nan ƙasashe 135 ke cikinta.

Da gari ya waye ran buɗe taro, wakilai suka tarar ba hanya. Jama'a sun riga sun zauna a mararrabun tsakiyar gari, waɗansu sun ɗaure hannuwansu da na juna cikin bututu don kada a iya raba su. Waɗanda suka fito ran nan ba su kasa dubu 40 ba. Akwai 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, da ɗalibai, da manoma, da mutanen coci, da masu kishin daji da namunsa. Kukansu shi ne ana yanka wa talakawan duniya hukunci a wurin da ba su da baki. Dole aka fasa bikin buɗewa. 'Yan sanda suka yi ta harba barkonon tsohuwa da harsashin roba, waɗansu tsirarun samari masu baƙaƙen tufafi kuma suka farfasa tagogin bankuna da na manyan kantuna. Magajin gari, Paul Schell, ya kafa dokar hana fita, Gwamna Gary Locke ya aiko da soja. Aka kama mutum fiye da 500, amma ba a rasa rai ba. Ran 3 ga Disamba taro ya watse ba a ƙulla kome ba, bayan 'yan kwanaki shugaban 'yan sandan garin, Norm Stamper, ya ce zai ajiye aiki.

Shekara takwas bayan haka, cikin 2007, wani ɗan wasa mutumin Ailan, Stuart Townsend, ya fito da majigi mai suna Battle in Seattle, watau yaƙin Siyatil. To, yadda ya sarrafa labarin nan abin dubawa ne, domin mutane da yawa ba su san tarzomar ba sai ta wurinsa.

Da fari sai a yaba masa, gama ya riƙe ƙashin bayan labarin. Kwanakin suna bin juna yadda suka auku. Ya sassaka hotunan ainihi da 'yan jarida suka ɗauka a cikin na 'yan wasa, har mai kallo ba ya saurin rarrabewa, ko da ya ke yawancin wasan a Bankuba ta Kanada aka ɗauke shi. Ƙyallen nan da aka buɗe wasan da shi, wanda waɗansu suka hau injin ɗaga kaya suka rataya, mai kibiya biyu, ɗaya ta nuna mulkin jama'a ta nan, ɗaya ta nuna ƙungiyar ta can, lalle an rataya shi a Siyatil.

Amma majigi ba ya iya ɗaukar mutum dubu 40. Ido na son fuska guda da zai bi, zuciya kuma na son wanda za ta ji tausayinsa. Saboda haka Townsend ya ƙaga mutane kaɗan ya ɗora musu kayan dukan jama'a. Ga Jay, shugaban masu zanga-zanga, wanda ɗan'uwansa ya mutu wajen kare daji. Ga wani ɗan sanda, Dale, da matarsa Ella mai ciki, wadda wani ɗan sanda ya doka a ciki a cikin rikicin har ta yi ɓari. Ko magajin garin ma an sake masa suna, ya zama Jim Tobin. Labarin Ella shi ne ya fi kama zuciyar masu kallo, ga shi kuwa ba ya cikin tarihi. Ban ce laifi ne ba, haka mai tatsuniya ke yi tun kaka da kakanni. Sai dai mai tatsuniya ya kan fara da gatanan gatananku, kowa ya san inda aka dosa. Shi wannan da hotunan gaskiya ya haɗa tasa.

Waɗanda suka shirya tare hanyoyin su ma sun yi ƙorafi. Ɗaya daga cikinsu, David Solnit, ya nemi a gyara wasan tun kafin ya fito. A ganinsu abin da ya tsayar da taro shi ne shirin watanni, da koya wa mutane yadda za su zauna ba su rama duka ba, da ƙananan ƙungiyoyi masu yawa waɗanda kowace ta ɗauki mararraba guda. Zaman shawara kuwa ba ya daɗin kallo, don haka majigi ya tsallake shi ya tafi wajen hayaƙi.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Mai kallo zai tashi yana zaton na kan titi da wakilan ƙasashe matalauta bakinsu ɗaya. Ba haka ya ke sarai ba. Dubi masu shigar kunkurun teku, waɗanda wasan ya nuna ɗayansu, Django, mai ban dariya. Abin da ya fito da su shi ne hukuncin 1998, inda ƙungiyar ta ce Amurka ba ta yi daidai ba a yadda ta hana shigo da jatan lande da aka kama da komar da ke halaka kunkuru. Su wa suka kai ƙarar? Indiya ce, da Pakistan, da Malesiya, da Tailan. Har wa yau 'yan ƙwadagon Amurka suna so a sa sharaɗin haƙƙin ma'aikata cikin ciniki, Shugaba Bill Clinton kuma ya faɗa wa wata jarida a makon nan cewa yana so wata rana a riƙa hukunta ƙasar da ta saɓa. Wakilan ƙasashe masu tasowa suka fusata, suka ga dabara ce ta toshe wa kayansu kasuwa.

A cikin zauren kuwa, Amurka da ƙasashen Turai sun kasa daidaitawa a kan tallafin noma. Manyan ƙasashe suka riƙa keɓewa a wani ƙaramin ɗaki da 'yan waɗanda suka gayyata, saura na zaune a waje suna jiran a kawo musu takarda su sa hannu. Wakilan Afirka suka fid da sanarwa cewa ba za su amince da abin da aka ƙulla a bayan idonsu ba, na tsibiran Karebiyan da waɗansu na Amurka ta Kudu ma haka. Wannan da hayaniyar waje su suka taru suka rushe taron. Wasan bai manta da shi ɗungum ba, ya sa wani wakilin Afirka mai suna Abasi, da wani likita mai kukan tsadar magani. Amma rabonsu kaɗan ne in an gwada da na Jay da Ella.

Shari'ar waɗanda aka kama ta daɗe a kotu. Cikin 2007, shekarar da wasan ya fito, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce birnin ya keta haƙƙin mutum wajen 175 da aka kama a dandalin Westlake. Hukumar birnin ta yarda ta biya su dala miliyan ɗaya.