Takarda a Hannu, Dandali a Nesa: Yadda Masu Wasan Waƙa Suka Sami Abinci a Ƙasar Hausa

Kwanakin baya wani dattijo daga cikin 'yan kasuwarmu na Mont-Bouët ya zo zauren Maigida da ɗansa. Yaron ya gama karatun wasan kwaikwayo a Nijeriya, yana da murya, yana son ya koma Kano ya zauna a kan sana'ar wasan da ake haɗawa da waƙa. Uban kuwa yana son ya kama masa rumfa. Mu da ke riƙe da alƙalami a zauren muka ga ya dace mu waiwayi waɗanda suka riga shi bin hanyar.

Wasa da waƙa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tashe da yara ke yi daga goma ga watan azumi kwaikwayo ne da kiɗa, haka 'yan kama da ke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya. Sai dai babu wanda ya shiga aji don ya koye su. Ɗa yana bin ubansa, yaro yana ɗaukar gangar maigidansa har hannunsa ya faɗa.

Makaranta ta zo daga baya. A 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo a Samaru, aka gina dandalin da ƙasa, da ɗakuna masu siffar gidan Bahaushe. A wannan zamanin ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandali, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. To amma ɗalibin da ya fito daga Samaru bai tarar da gidan wasa mai sayar da tikiti kowane dare ba, irin na Landan ko Paris. Da yawa sai suka zama malaman makaranta, ko ma'aikatan rediyo da talabijin da hukumomin raya al'adu. Albashin gwamnati ne ya riƙe su, wasan yana biye.

Waɗanda sunansu ya cika gidaje a lokacin ma ta wannan ƙofar suka shiga. Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, kuma gidajen rediyo da talabijin na Kaduna ne suka ɗaga shi. Ƙasimu Yero ma akwatin talabijin ne ya kai shi ko'ina. A Nijar kuwa Yazi Dogo malamin makaranta ne, ƙungiyarsa ta Damagaram ta bunƙasa a zamanin Seyni Kountché, lokacin da hukuma ke ɗaukar nauyin samariya da bukin matasa na ƙasa, inda jihohi ke gasar wasa da waƙa da rawa. Da aljihun gwamnatoci ya tsuke a shekarun 1980, inuwar ta janye.

A nan ne labarin ya juya. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, ta kai shi kasuwa. Mutanen da suka tashi da finafinan Indiya a silima suka nuna abin da suke so, wato labarin soyayya da waƙa a tsakiyarsa, kuma Sangaya na 1999 ya tabbatar cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Yawancinmu a nan Libreville mun san haka, don a jakar matafiya kaset ɗin ke iso mu, a taru gida guda a kalla.

Wannan kasuwa ta zo da tsarinta, kuma shi ne abin da yaronmu bai karanta a aji ba. Ɗan wasa ba shi ke rera waƙar ba. Mawaƙi ne ke shiga situdiyo, makaɗin fiyano ya ɗora kiɗa, jarumi ya bi da baki da rawa a gaban kyamara. Mai murya da iya wasa gaba ɗaya, wanda a Turai shi ake nema, a Kano sai an ce ya zaɓi layi ɗaya tukuna. Shiga kuma ta hannun ubangida ce: ka zauna a ofishin furodusa, ka yi aike, ka fito a bayan jarumi ba magana, har a gwada ka. Ali Nuhu labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Duk da haka a harkar fim ya yi suna, har a 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar finafinai ta Nijeriya. A ganinmu wannan tsohon tsarin makaɗa ne ya sake riga.

Akwai kuma idon jama'a. Tun 2001 Kano ke da hukumar tace finafinai, kuma rawa tsakanin namiji da mace ita ce inda aka fi samun saɓani da malamai. An sha dakatar da 'yan wasa. Wanda zai ci abinci a nan dole ya san iyakar da mutanensa suka shata, kuma damuwar uban yaron ba ta rasa tushe ba.

Yau kaset da faifai sun mutu. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango a YouTube su ne kasuwa, mawaƙa da yawa kuma da wasan biki da na Sallah suke cika aljihu. Karatu ya soma amfani a nan, domin shiri mai kashi hamsin yana buƙatar wanda ya iya tsara labari da horar da 'yan wasa.

Maigida ya saurari duka biyun, ya yanke cewa yaron ya tafi Kano shekara biyu, ya sauka a gidan kawunsa, ya nemi aikin koyarwa da safe, ya bi masu sana'ar da yamma. Uban ya ce rumfar tana nan, ba zai ba da ita haya ba.