Magajin Gari a Ƙasar Baƙunci: Malam Umaru Altine da Zaɓen Hukumar Birnin Enugu

1.0 Gabatarwa

A tsarin sarautun ƙasar Hausa, Magajin Gari sarauta ce ta naɗi, kamar yadda ake da ita a Sakkwato da Katsina da Zazzau. Da zamani ya zo, sai 'yan jarida suka ari wannan laƙabi suka ɗora wa zaɓaɓɓen shugaban birni irin na Turawa. Wannan maƙala za ta dubi lokacin da wani mutumin Lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya riƙe wannan muƙami a Enugu, hedikwatar Jihar Gabas ta wancan zamani, domin a ga abin da ya kai shi ga kujerar da kuma abin da ya hana a maimaita irin haka.

2.0 Kafuwar Enugu da Zuwan Hausawa

Enugu gari ne da gawayin kwal ya haifa. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka fara haƙarsa a 1915, sannan a 1916 hanyar jirgin ƙasa ta haɗa wurin da Fatakwal. Da aka miƙa hanyar zuwa Arewa, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai safarar shanu ta ƙara ƙarfi. Dillalan shanu da mahauta da 'yan koli da malamai suka zauna a ɓangaren Ogui, kamar yadda 'yan'uwansu suka yi unguwanni a Anacha da Fatakwal. Ibo na kiran irin wannan unguwa Ama Awusa.

Bisa al'adar zango, shugaban irin wannan unguwa shi ne Sarkin Hausawa. Aikinsa saukar da baƙi, da sasanta rigimar ciniki da ta aure, da tsaya wa mutanensa a gaban hukuma. Sai dai ikonsa bai wuce bakin zango ba, domin shi ma baƙo ne mai zama da yardar masu ƙasa.

3.0 Hawan Malam Umaru Altine

Malam Umaru Altine Bafillace ne daga Sifawa, sana'arsa kuwa fataucin shanu. Bai nemi girma ta hanyar sarautar zango ba. Jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe ya shiga, ya yi fice a reshen matasanta na Enugu, a daidai lokacin da garin ke tafasa bayan harbe maleburan kwal 21 a Kwarin Iva ranar 18 ga Nuwamba, 1949.

Dokar ƙananan hukumomi ta Jihar Gabas ta 1950 ta kawo majalisu na zaɓaɓɓun kansiloli irin na Ingila. A 1956 aka ɗaga Enugu zuwa matsayin birni mai hukumar kansa, Malam Umaru Altine ya zama Magajin Garinsa na farko, ya riƙe har 1958. Rubuce-rubucen jaridu da yawa kan kawo 1952 a matsayin shekarar hawansa, amma kujerar Magajin Gari ta zo ne tare da matsayin da garin ya samu a 1956. A tsarin Ingila da aka kwaikwaya, jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma su fitar da shugaba daga cikinsu. Haka ma Italiya ta yi har 1993, lokacin da aka ba jama'a damar zaɓen magajin gari kai tsaye. Ke nan wanda zai hau sai ya ci mazaɓarsa, sannan ya sami amincewar abokan zamansa a majalisa, waɗanda a Enugu galibinsu Ibo ne.

4.0 Dalilan Nasararsa

Ana iya kawo dalilai uku. Na farko, Enugu garin baƙi ne. Ma'aikatan kwal da na jirgi da akawuna daga wurare daban-daban suka taru, saboda haka ba wata tsohuwar masarauta da za ta ce kujerar gadonta ce. Na biyu, akwai takun-saƙa tsakanin Ibon yankin, wato mutanen Udi da Nsukka da Awgu, da Ibon da suka zo daga sassan Anacha da Owerri suka mamaye ayyukan ofis da kasuwanci. A irin wannan hali, mutumin da ba ya cikin kowane ɓangare yakan fi sauƙin karɓuwa. Na uku, NCNC na neman nuna cewa ita jam'iyyar ƙasa ce baki ɗaya, kuma Malam Umaru ya daɗe yana yi mata wahala. Don haka ƙuri'un Hausawan Ogui kaɗai ba za su kai shi ba. Jam'iyya da yanayin garin su suka ɗauke shi.

5.0 Kammalawa

Wannan yanayi bai ɗore ba. Kashe-kashen 1966 a Arewa sun sa gwamnatin soja ta Gabas ta umarci waɗanda ba 'yan jihar ba su fice, unguwannin Hausawa suka watse. A Mayun 1967 Enugu ta zama hedikwatar Biyafara. Bayan ƙarewar yaƙi a 1970 Hausawa sun koma, sarautar zango ta farfaɗo, amma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya sa ciyaman ya zama shugaba a ko'ina. A yau birnin ya kasu ƙananan hukumomi uku, Ogui tana cikin Enugu ta Arewa, kuma takardar shaidar asali ta zama ma'aunin da ake raba ɗan ƙasa da baƙo.

Akwai abin lura ga masu nazarin harshe a nan. Kalmar magaji daga gado take, alhali Malam Umaru Altine bai gaji Enugu daga kowa ba. Tarihinsa ya nuna cewa an taɓa yin lokacin da zama a gari da yi masa hidima suka isa su mai da baƙo ɗan gari.